Na Je Dubai In Hana Auta Tafiya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a layin karɓar maganin hawan jini a tare ni, ga kuma zaurenmu na tsofaffin nas-nas a waya, inda kowace safiya sai wata ta ce, "Matiron, har yau ba ki ba mu labarin Dubai ba." Na gaji da bayar da shi guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta karanta ta tura wa 'yar uwarta.

Da farko ku sani ba yawo na je ba, ba kuma sari ba. Aike ne ya kai ni. Autarmu Sadiya, wadda wasunku suka sani tun tana rarrafe a ofishin ɗakin haihuwa, ta karanci ilimin ƙasa da duwatsu, ta samu aiki a wani kamfanin injiniyoyi a can. Ni iyakar sanina tana zaune ne gaban kwamfuta a ɗaki mai sanyi, kuma hakan ya kwanta mini. Kwatsam wata rana ta bugo waya muna cin abinci, ta ce kamfaninsu zai tura su arewacin Pakistan, can cikin duwatsu, su yi wata uku suna aikin girgizar ƙasa. Mahaifinta, Malam, ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano. Bai ce mata komai ba sai, "Allah ya yi albarka, za mu yi magana." Da ta kashe ya dube ni.

"Wurin da ƙasa ke kayar da gidaje a kan mutane, can za ta kai kanta?"

"Haka ta ce."

"A waya ba za mu iya da ita ba, ta fi mu baki. Dama ta daɗe tana cewa ki je ki ga inda take. To ki je. Ki zauna da ita ki gaya mata ban yarda ba. Ko ta yi zamanta a ofis, ko ta tattaro ta dawo gida."

Ban musa ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Auta ta nema mini biza tana ta murna, ba ta san da abin da zan zo mata ba. Ta ce in taho mata da kuka da daddawa da yaji, ni kuma na ƙara da man shanu da kilishi.

A jirgi Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, kujerunmu na jere. 'Yar Fagge ce, mai sarin jakunkuna da takalman mata, gajera, mai murya, kuma zuwa Dubai a wurinta kamar shiga kasuwar Kwari ne. Kafin jirgi ya daidaita a sama ta san sunan mijina da yawan 'ya'yana da ciwon gwiwata. Ta kuma sa na ɓoye burodin da aka ba mu a jaka, wai a Addis Ababa zan gode mata. Na kuwa gode.

A Addis ɗin na fara abin kunya. Mun sauka za mu canja jirgi, sanyi har cikin ƙashi, Hajiya Ladi ta shiga banɗaki ta ce in jira ta. Na hango wasu mata da hijabai sun yi layi suna Hausa, na ce ai namu ne, na ja jakata na bi bayansu. Har na yi ƙawa a layin, muna hirar jikoki. Sai ji na yi an janyo mini mayafi ta baya, ashe Hajiya Ladi ce.

"Hajiya, in Umara kike so ai sai ki faɗa tun a Kano. Wannan layin Jidda ne."

Filin jirgin Dubai gari ne guda, ko'ina ƙyalli, daɓen kamar a zuba abinci a ci. A wurin duba fasfo wani saurayi ne cikin farar jallabiya, ya nuna mini wata 'yar kyamara ya ce da Turanci in buɗe. Ku kun san shekarun da muka yi muna ce wa marasa lafiya su buɗe, kun kuma san abin da suke buɗewa. Na cire gilashina na wangale masa baki. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, sannan ya ɗago ya nuna idonsa da yatsa.

"Ido, Hajiya, ido," in ji Hajiya Ladi daga bayana. Ashe da ƙwayar ido suke gane mutum.

Gaba kaɗan aka ce in buɗe akwati. Ma'aikaciyar ta ɗauko ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta ja da baya. Turancina ya tsaya cik, don ban taɓa tunanin me ake ce wa daddawa ba. Hajiya Ladi ta matso ta gaya mata da Larabcinta na kasuwa cewa magin Afirka ne, khalas, wato magana ta ƙare. Matar ta mayar da shi da yatsu biyu ta ce mu wuce. Man shanun kuwa babu wanda ya tsayar da shi, shi da kansa ya kwance murfi ya malale a kan atamfofina.

Auta na tsaye a bakin fita, ta rungume ni har gilashina ya karkace. Da ƙofa ta buɗe muka fita waje sai na ji kamar an buɗe mini tukunyar dambu a fuska. Zafinmu na Kano busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, mannewa yake yi a jiki.

Gidan da take haya yana wata unguwa da ake kira Al Khabaisi, cikin Deira, hawa na tara. Ɗaki biyu ne da falo, ita da abokiyar aikinta Rubina, 'yar Pakistan, doguwa, marar yawan magana. Ta ɗora hannu a ƙirji ta yi mini sallama ta kira ni Anti. Da ta juya za ta kawo ruwa, idon aiki ya nuna mini tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, irin ta wanda ya taɓa karaya aka yi masa ɗori ba daidai ba. Ban tambaya ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a gidan nan rashin gaisuwa ne. Lif zai cika da mutane, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa ya zuba wa waya ido kamar an yi musu rasuwa. Auta ta shekara biyu a nan ba ta san sunan mai ƙofar da ke kallon tasu ba. Ni dai ban iya ba, duk wanda na tarar sai na ce masa ina kwana. Wata 'yar Filifin mai aikin kanti da muke yawan haɗuwa ta fara da murmushi, kafin in taho ta iya cewa "lapiya lau". Babu tsakar gida, babu inda za ki shanya ko barkono. Abinci ma wani ne zai kawo a babur, ya ajiye a ƙofa, ya tafi ba ku ga juna ba.

Kun san da girgizar ƙasa a raina na je. Washegarin zuwana ranar hutunsu ce, ina kicin da hantsi ina dama koko, sai na ji daɓe yana rawa a tafin ƙafata, kwanuka na ƙara. Ban tsaya neman mayafi ba. Na suri jakar fasfo na yi bakin matakala ina salati, ludayi a hannu. Auta ta biyo ni, ta tsaya ta saurara, ta koma ciki ta danna wani maɓalli. Komai ya tsaya. Injin wanki ne ke matse kaya. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Rubina dai ba ta yi ba, ta karɓi ludayin, ta zaunar da ni, ta ce ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro.

Kwanaki suka yi ta tafiya na kasa buɗe bakin aiken. Yarinya na ta rawar ƙafa a kaina, yau ta kawo mini dabino gobe ta matsa mini gwiwa, ta ina zan fara? Kullum Malam ya kira sai ya ce, "Kin gaya mata?" in ce ina neman lokaci. Da abin ya ishe ni na nemi Hajiya Ladi, ta ce kayanta ba su gama haɗuwa ba, in same ta a Naif.

Auta ta saka ni a jirgin ƙasansu, wanda ba shi da direba. Sai da na je gaba na leƙa da idona, babu kowa sai gilashi. Akwai taragon mata daban, wannan kam ya burge ni. Na samu wuri na zauna na ciro kilishi in ɗan motsa baki, wata dattijuwar Balarabiya ta dafa hannuna ta nuna mini wani allo. Ashe ko cingam ba a taunawa a ciki, tara ake ci. Na mayar da abina, wanda ke bakina kuma na riƙe shi a kumatu har na sauka.

Naif kuwa kamar an ɗauko Kwari an dasa a bakin teku. Lunguna a matse, 'yan dako da kura, Hausa ta ko'ina, ga ta Kano ga ta Maraɗi mai haɗe da Faransanci. Wani Ba'indiye mai shagon jakunkuna ya tare ni da, "Hajiya shigo, kaya mai kyau, ba tsada." Hajiya Ladi na ciki ta baje a kujera tana shan shayinsu mai madara da ake kira karak, tana ce wa mutumin habibi, wato masoyi, tana kushe masa kaya. Da ta gama ciniki ta sa aka kai wa mai kargo kayan, ta ja ni wani bene inda wata 'yar Zariya ke sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe kamar a gida. A nan na kwashe komai na gaya mata.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji ta tana suɗe yatsa. "Kuka za ki yi. 'Ya'yan yanzu hujja ba ta kayar da su, duk sun yi boko. Amma uwa ta zauna ta yi hawaye ta ce jininta ya hau, an gama. Ni da haka na hana nawa sayen babur."

Da yamma na gwada. Rubina ta dafa mana shinkafarsu mai kayan ƙamshi, ni na yi tuwo miyar kuka, don ta ce tana so ta ɗanɗana abin da ya cika musu gida da wari. Ta ci kuwa har ta ƙara, ta kuma ce yajinmu na yara ne. Muna gamawa na gyara zama, na dafe kai, na ce, "Auta, jinina ya hau saboda tafiyar nan taki." Hawaye suka ƙi zuwa. Ita kuma 'yar nas ce, ta tashi ta ɗauko abin awo ta ɗaura mini. Ya fito lafiya ƙalau, ya ma fi na kowace rana kyau.

"Umma, Baba ne ya aiko ki ko?"

"Shi ne. Amma ni ma da nawa."

Ba ta yi fushi ba. Ta ɗauko kwamfutarta ta ce in bari ta nuna mini aikin, bayan nan in faɗi abin da zan faɗa. Ta buɗe taswirar ƙasar su Rubina, an shafe ta da launi, wani wuri kore, wani ruwan ɗorawa, can sama wajen duwatsu kuma ja wur.

"Jan nan fa?"

"Inda ƙasa ta fi yiwuwar girgiza da ƙarfi ke nan."

"Ke kuma ina za ki?"

Ta ɗora yatsa a tsakiyar jan.

Na ce, "Madalla. To tunda kun san wurin, yaushe za a yi? Sai ki bari a gama sannan ki je."

"Babu wanda ya san yaushe, Umma. Duk wanda ya ce miki ya san ranar ƙarya yake yi."

Ta ce a ƙarƙashin ƙasa akwai manyan tsaguwa inda falalen dutse suka tokare juna, suna matsawa a hankali, ranar da suka kuɓuce sai a ji a sama. Aikinsu shi ne su tattara labarin duk girgizar da aka taɓa yi a ƙasar, wadda na'ura ta kama da wadda tarihi ya riƙe: a ina ta faru, yaya girmanta, kuma yaya yawan ƙanana yake in aka gwada da manya. Sai su haɗa da nisan kowane gari daga tsaguwar, don ƙarfin yana raguwa da nisa. Daga nan kwamfuta ta lissafa wa kowane wuri irin jijjigar da ya kamata a yi gini da shirinta. Ma'aunin da aka saba da shi, in ji ta, shi ne jijjigar da yiwuwar samun wadda ta fi ta cikin shekara hamsin kashi goma ne cikin ɗari. Da wannan mai gini zai san yawan rodin da zai sa da kaurin ginshiƙi.

Na ce ta maimaita, ta maimaita. Ina juya abin a raina sai na tuna ɗakin haihuwa. Mace za ta shigo da ƙafarta tana dariya, ba ki da yadda za ki san ita ce za ta zubar da jini. Amma kin san in dai mata na shigowa wata za ta zubar, kin kuma san wadda ta fi kusa da haɗari, mai haihuwa ta goma ko mai ɗauke da tagwaye. Shi ya sa ba ma barin firji babu jini. Na gaya mata haka, ta ce ai na gama karatun.

"Ban gama ba. In kwamfuta ce ke lissafin, me zai kai ki can?"

Rubina ce ta tashi. Ta ɗora malmalar tuwon da ta rage da kwanon miyar kuka a tire ɗaya, ta girgiza a hankali. Tuwo bai ko motsa ba, miya kuwa ta yi ta tangal-tangal har ta zuba. Ta ce girgiza ɗaya ce, amma gidan da ke kan dutse da wanda ke kan ƙasa mai laushi ta bakin kogi ba abu ɗaya za su ji ba. A kwarurukan yankinsu kuma wurare da yawa ba a taɓa auna ƙasarsu ba. Sai an je an dasa na'ura a harabar makarantu da ƙananan asibitoci an saurari ƙasar, kafin a san wanda za a fara ƙarfafawa.

Na gane sarai, amma zuciyata ba ta motsa ba. Na ce na ji, kuma har yanzu ban yarda ba. Auta ta rufe kwamfuta ta fara kwashe kwanuka. Daga kicin ta ce in Baba ya hana ba za ta je ba, amma ba za ta ce ta ji daɗi ba. Daga ranar gaisuwarmu ta koma irin ta baƙi, ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa.

Ana cikin haka mura ta kama Rubina ta zauna a gida, Auta na ofis. Bayan azahar na yi mata farfesun kaza na cika masa citta, muna zaune a tebur tana sha. Sai na ji kaina ya yi wani yuu, kamar na miƙe tsaye da sauri. Na ce a raina yau kam jinin ya hau da gaske. Na ɗaga ido sai na ga fitilar da ke rataye tana lilo, farfesun kuma yana kai kawo a kwano ba mai taɓa shi. Babu ƙara, babu komai, gidan ne kawai ke tafiya yana dawowa a hankali kamar kwalekwale. Wannan karon ban ma tuna da fasfo ba.

Kafin in buɗe baki Rubina ta fizgo ni ƙarƙashin tebur, da ciwon gwiwar da komai. Ta danne kaina da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe ƙafar tebur. Ba a daɗe ba abin ya lafa. Muka ji ana buɗe ƙofofi, mutane na gudu a matakala, kowa da yarensa. Na ce, "Ya wuce, mu fita." Na dube ta, idonta a buɗe amma ba ni take gani ba, leɓenta ya yi fari, hannun ya ƙanƙame ƙafar teburin har na kasa ɓamɓare shi. To wannan kuma aikina ne. Na kama wuyan hannunta, na ce ta dube ni ta ja numfashi tare da ni, kamar yadda muke yi wa mai naƙudar fari. Muka yi ta yi har yatsun suka saki.

A nan ƙarƙashin tebur ta ba ni labarin ƙafar. Tana 'yar makaranta aka yi babbar girgiza a yankinsu, da safe, suna aji. Rufin kankare ya sauko musu. Ita an zaro ta kafin yamma. Ƙanwarta tana ajin da ke jikin nasu, ba a same ta da rai ba. Aka ɗauki Rubina a kan ƙyaure aka nufi asibitin garin, sai aka tarar shi ma ya zube, da ma'aikatan a ciki. Wani tsoho mai yi wa awaki ɗori shi ya ɗaure mata ƙafar. Ta ce a filin da suka fake wata maƙwabciyarsu ta haihu a kan bargo, babu ungozoma, babu ko ruwan zafi.

"Makarantar sabuwa ce, Anti," in ji ta. "Da fenti da komai. Ba wanda ya gaya wa masu ginin irin ƙasar da suke gini a kai."

Na ce, "Kuma da wannan tsoron za ki koma?"

"Da shi zan koma. Mahaifiyata na can, 'ya'yan yayana a can suke makaranta."

Ni abin da ya tsaya mini a rai asibitin ne. Duk shekarun da na yi ina aiki ban taɓa kawowa ba cewa ginin da ake gudowa cikinsa shi ma zai iya faɗuwa.

Waya ta yi ta ruri. Auta ce, tana haki, sun sauko ta matakala daga ƙololuwar benen ofishinsu. Da ta ji muna lafiya sai muryar ta koma ta 'yar aiki, wai daga tsallaken teku ta taso, wajen Iran, kafin ta iso nan ta gaji, kuma dogayen benayen an gina su ne su yi lilo don kada su karye. Bayanta Hajiya Ladi ta kira daga Naif cike da haushi. Ita ba ta ji komai ba, tana tsakiyar ciniki mai shagon ya tsallake kanta ya bar ta da takalmi ƙafa ɗaya a hannu. Da muka sauka muka tarar da duk mutanen gidan a bakin titi, wani ɗaure da tawul, wata rungume da kyanwa. Ranar kam kowa ya gaisa da kowa.

Da Auta ta dawo na bari ta ci abinci, sannan na kira ta ɗaki.

"A can, ina za ku riƙa kwana?"

"Tanti, ko gidajen katako marasa bene. Rubina ba ta yarda a kwana ƙarƙashin kankaren da ba ta duba ba."

"Za ki iya ce mini babu abin da zai same ki?"

Ta kama bakin ɗankwalinta tana wasa da shi. "Ba zan iya ba, Umma. Wata uku ba yawa, yiwuwar ƙarama ce ƙwarai. Amma ba zan ce miki babu ba."

Na san wannan amsar. Ita na riƙa ba mazajen da ke tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa suna so in rantse musu. Na ce ta miƙo mini waya in kira Malam.

Malam ya saurare ni har na gama, da tuwo da miya da tebur da ƙafar Rubina. Na ce, "Malam, na isar da saƙonka yadda ka ba ni, kuma ta ce in ka hana ba za ta je ba. Amma ni dai na janye nawa." Amsarsa kawai ita ce, "Sai kin dawo."

Sauran kwanakin Auta ta zaga da ni gari. Mun hau kwalekwalen katako mun tsallaka ruwan da ya raba tsohon gari biyu, na riƙe hannun wata mata da ban sani ba gam har muka sauka. Mun je gindin benen nan da ya fi kowanne tsawo, aka ce in hau, na ce na gani daga nan. Ranar tahowata Rubina ta ƙullo mini kayan ƙamshin shinkafarsu, ta sunkuyo in dafa mata kai kamar yadda iyayensu ke yi. Na dafa, na yi mata addu'a da Hausa, ta yi ta amin a duk inda ya dace. Auta ba ta tambaye ni komai ba a filin jirgi, ta dai ce in gaida Baba.

Malam da kansa ya zo ɗaukata. Ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi hanya, ya ce na yi fari. Muka kama hanya har muka kusa Gyaɗi-Gyaɗi. Muna tsaye a danja ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Na aike ki da magana ɗaya, kin dawo mini da wata."

"Haka ne."

"Yarinyar nan, ƙawar tata, ta samu sauƙin murar?"

"Ta warke."

Danja ta ba da hannu muka wuce. Sai da muka shiga layinmu ya sake magana.

"An ce ƙanƙara ce ke sauka a duwatsun nan. Tana da rigar sanyi?"

"Ta ce ta sayi guda."

"Guda ba za ta isa ba. Auta ko fanka ba ta iya kwana da ita."

Washegari ko karyawa bai yi ba ya tafi kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai. Ya dawo da wata jibgegiyar riga mai hula, wadda ko shi ya sa sai ta rufe masa gwiwa. Na ce, "Malam, wannan ai su biyu za su shiga." Ya ce to su shiga. Ya sa na kira Hajiya Ladi, ta ce ƙarshen wata za ta koma, ta zo ta karɓa. Shi ya bugo wa Auta da kansa ya ce ta je Naif akwai saƙonta. Bai ƙara komai a kai ba, ita ma ba ta nemi ƙari ba.

Yanzu haka tana can. Jiya ta turo hoto, tana tsugune a harabar wata makaranta gaban wata na'ura kamar ƙaramar tukunya, 'yan mata sun zagaye ta suna kallo, rigar ta haɗiye ta sai hanci. Ba zan ce muku hankalina a kwance yake ba. Wayar nan ba ta barin hannuna, in ban da jiyan da Malam ya ga hoton ya karɓe ta ya fita majalisa, bai dawo mini da ita ba sai da aka kira magariba.